Harshen da Ake Haɗiye Rabinsa: Yadda Talabijin da Fina-finan Danmak ke Buɗe Kunnen Mai Koyon Danish

Duk wanda ya taɓa zama ajin koyon harshen Danish ya san ranar da gwiwarsa ta fara yin sanyi. Ya yi wata uku ko huɗu yana fama da littafi, ya iya karanta takardar da hukuma ta aiko masa, har ya iya rubuta wa mai gidan haya saƙo. Sai ya shiga kanti a Kopenhagen ko Aarhus, mai kanti ta jefo masa tambaya guda, bai tsinci ko kalma ɗaya ba. Kafin ya nemi ta maimaita, ta riga ta koma Turanci da murmushinta, domin a ganinta sauƙi take yi masa. Ya fito da kayansa a hannu, harshen da ya zo nema kuwa ya sake kuɓuce masa.

Laifin ba na ɗalibi ba ne, kuma ba na nahawu ba ne. Nahawun Danish na da sassauci ƙwarai. Aikatau ba ya sauya kama saboda wanda ya yi aikin: "jeg er, du er, vi er", ni ne, kai ne, mu ne, duk da kalma guda. Akwai ma inda Bahaushe zai ji kamar yana gida, domin suna liƙa alamar sanannen abu a ƙarshen suna kamar yadda muke yi. Mu mukan ce mota, sannan motar. Su kuma "bil", sannan "bilen". Matsalar tana tsakanin takarda da baki. Abin da aka rubuta daban, abin da ke fita daga bakin ɗan ƙasa daban, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi ta yawancin harsunan Turai faɗi.

Ga misalai. Kalmar "jeg", wato ni, ana furta ta kamar "yai", a cikin saurin magana ma ta koma "ya". "Selvfølgelig", wadda ke nufin tabbas ko babu shakka, haruffa goma sha biyu gare ta, amma abin da kunne ke ji bai wuce "sefoli" ba. Tsibirin Amager, inda babban filin jirgin saman Kopenhagen yake, mutanen gari "Ama" kawai suke ce masa, su ɗan ja ƙarshen. Jimlar "det ved jeg ikke", ban sani ba, takan dunƙule ta zama kamar "de ve ya ek". Haruffan wasulansu tara ne, har da æ, ø da å, amma sautukan wasalin da ke bayan haruffan sun haura ashirin, alhali mu da biyar muka saba, dogaye da gajeru. Ga kuma wani "d" mai laushi da ke zuwa bayan wasali, kamar a "mad", abinci, ko "gade", titi, wanda baƙon kunne ke ɗauka kamar "l". Shi ya sa 'yan ƙasar ke son sa baƙo ya ce "rødgrød med fløde", sunan wani faten 'ya'yan itace da ake zuba wa kirim, don su ji yadda zai kaya da shi.

Su kansu ba su tsira ba. A 2008 masaniyar harshe Dorthe Bleses da abokan aikinta sun wallafa bincike da ya nuna ƙananan yaran Danmak na jinkirin tara kalmomi a farkon rayuwarsu idan aka kwatanta da yaran wasu harsuna da dama, kuma suka danganta hakan da wuyar gane inda kalma ta ƙare wata ta fara, saboda baƙaƙe sun narke cikin wasula. Daga baya yaran kan cim ma tsaransu. A Norwe kuwa akwai wani sanannen wasan barkwanci na gidan talabijin ɗin ƙasar da ya ginu kacokan a kan cewa mutanen Danmak sun daina fahimtar juna, kowa gyaɗa kai kawai yake yi. To idan jaririn da aka haifa cikin harshen sai ya yi da gaske, babba da ya zo daga Kano ko Maraɗi bai kamata ya tsargi kansa ba.

Amma kada a raina kunnen Bahaushe. Wanda ya tashi yana rarrabe gari na zama da gari na tuwo ta tsawon wasali ba zai sha wuya da "læse", karatu, da "læsse", lodi, ba. Akwai kuma abin da suke kira "stød", wani ɗan maƙalewar murya a maƙogwaro da ke raba "hun", ita, da "hund", kare, ko "mor", uwa, da "mord", kisan kai. Ba daidai yake da tsayawar da muke yi a sa'a ko jama'a ba, ya fi ta laushi, amma wanda ya saba da ɓ, ɗ, ƙ da 'y ya riga ya san cewa motsin maƙogwaro na iya sauya ma'ana. Masu jin Turanci kaɗai sai sun fara yarda da hakan tukuna.

Abin da ya rage shi ne samun wanda zai yi ta magana ba tare da ya gaji ko ya juya zuwa Turanci ba. A Danmak, wannan mai haƙurin shi ne akwatin talabijin da rediyo.

Sai dai a fara da fahimtar wata al'ada tasu. Mu a nan mun saba da fina-finan Indiya da aka ɗora musu muryar Hausa. Jamusawa da Faransawa ma haka suke yi wa fina-finan waje. A Danmak ba a ɗora murya sai a shirye-shiryen ƙananan yara. Duk wani fim na Amurka ko Ingila da muryarsa ta asali yake zuwa, a rubuta fassara a ƙasan allo. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa kusan kowa a ƙasar ke jin Turanci, wato shi ne tushen matsalar mai kantin can. Amma a ɗaya gefen alheri ne ga mai koyo, domin rubutun ƙasan allo ya zama ruwan dare, kuma yawancin shirye-shiryen gida ma ana iya kunna musu rubutu cikin Danish ɗin kansa. Ido na ganin "selvfølgelig", kunne na jin "sefoli", a hankali ƙwaƙwalwa ta ɗaura musu aure. A ganina babu wani littafi da zai iya wannan aiki.

Yaya aka yi ƙasa mai mutum kusan miliyan 6, wadda jihar Kano kaɗai ta ninka ta yawan jama'a, take samar da shirye-shirye masu yawa haka cikin harshenta? Amsar tana cikin tarihin DR, gidan rediyo da talabijin na al'umma. An kafa shi a 1925, ya fara talabijin a 1951, kuma shi kaɗai ke da fagen talabijin na ƙasa har zuwa 1988, lokacin da aka buɗe TV 2 a birnin Odense. Shekaru da dama ana tafiyar da shi da kuɗin lasisi da kowane gida mai akwati ke biya, kafin a janye tsarin sannu a hankali tsakanin 2019 da 2022, a mayar da shi cikin haraji. Ba ya saka tallan kasuwanci. Kuma ba a rabu da jayayya a kansa ba: a 2018 gwamnati ta yanke shawarar zaftare kashi 20 cikin ɗari na kasafinsa, abin da ya sa tashoshin talabijin ɗinsa suka ragu daga shida zuwa uku, wasu suka koma intanet kaɗai.

Shekarun nan talatin da bakwai na tasha ɗaya tilo sun bar wata alama da mai koyon harshe ya kamata ya sani. Da yake kowa abu guda yake kallo, sai ƙasar ta samu rumbun labarai guda da kowa ke ɗiba. Kamar yadda za ka ambaci Gizo da Ƙoƙi a kowane gidan Hausawa ba sai ka yi bayani ba, haka su ma suke da nasu, kuma babu wanda ya kai Matador.

Matador shiri ne mai dogon zango, kashi 24, da DR ta nuna daga 1978 zuwa 1982. Marubuciya Lise Nørgaard ce ta ƙirƙiro shi, Erik Balling ya ba da umarni. Labarin ya faru ne a wani ƙagaggen ƙaramin gari mai suna Korsbæk, daga 1929 zuwa 1947. Wani ɗan tireda, Mads Skjern, ya sauka garin da ɗansa, manyan gari suka wulaƙanta shi, shugaban banki ya hana shi rance, sai wani dillalin aladu da matarsa suka tallafa masa ya buɗe kantin tufafi daura da na masu raina shi. Daga nan aka shiga shekaru goma sha takwas na gasa, auratayya, tsiyacewar tsofaffin gidaje da tasowar sababbi, har da mamayar da Jamus ta yi wa ƙasar daga 1940 zuwa 1945. An sha maimaita shirin, kuma akwai lokacin da masu kallonsa suka haura miliyan 3 a ƙasar da mutanenta ba su fi miliyan 5 da kaɗan ba. Har yau idan aka ce wata mace "Maude" ce, wato matar shugaban bankin a shirin, kowa ya san ana nufin mai kwanciya ciwo da zarar al'amari ya rikice.

Dalilin da ya sa nake ɗora Matador a gaba ga mai koyo shi ne furuci. 'Yan wasan sun fito ne daga dandamalin wasan kwaikwayo, inda aka horar da su su kai kowace gaɓa har kujerar ƙarshe. Suna magana a tsanake, kuma kowane matsayi da irin bakinsa: matar shugaban banki daban, kuku a madafa daban, manomi daban. A ciki ne kuma mutum zai ji "De", wakilin sunan girmamawa da ya yi daidai da yadda muke ce wa babba ku maimakon kai. Tun daga ƙarshen shekarun 1960 wannan "De" ya fara ɓacewa, yanzu ɗalibi "du" yake ce wa malaminsa, ya kuma kira shi da sunan yanka, ɗan jarida ma haka yake yi wa minista. Sai gidan sarauta da 'yan wurare kaɗan aka bar wa "De". Wannan kan yi wa Bahaushe nauyi a baki da farko, amma wanda ya kalli Matador sannan ya kalli labaran yau zai ga cewa sauyin zamani ne da al'ummar ta zaɓar wa kanta, ba rashin tarbiyya ba.

Abokin tafiyar Matador shi ne Olsen-banden, fina-finan barkwanci 14 da aka yi daga 1968 zuwa 1998, game da ɓarayi uku marasa sa'a. Shugabansu Egon, wanda Ove Sprogøe ya fito a matsayinsa, kullum yana fitowa daga kurkuku da sabon shiri, kullum kuma can yake komawa. Ƙaunar da ake yi wa fina-finan ta kai har an sa wa titin da ke gaban wancan kurkuku sunan Egon Olsen. Kada wani ya ɗauka wannan ilimin banza ne: a jarrabawar neman zama ɗan ƙasa ta watan Yunin 2016 an tambayi shekarar da fim ɗin farko ya fito, kuma fiye da kashi biyu cikin uku na waɗanda suka zauna jarrabawar ba su haye ba. An yi ta ce-ce-ku-ce kan adalcin tambayoyin, kuma ni ma ina ganin an matsa. Amma abin ya nuna matsayin da suka ba fim a cikin abin da suke kira sanin ƙasa.

Sana'ar fim ta tsufa a wurinsu. Kamfanin Nordisk Film, mai tambarin farar dabbar ƙanƙara tsaye kan ƙwallon duniya, Ole Olsen ya kafa shi a 1906, yana cikin mafiya daɗewa da ke aiki har yau. An buɗe makarantar koyon fim ta ƙasa a 1966, hukumar tallafa wa fina-finai kuma a 1972, domin kasuwar mutum miliyan biyar ko shida ba za ta iya ɗaukar nauyin fim ita kaɗai ba. Sau huɗu suna lashe lambar Oscar ta fim ɗin harshen waje: Babettes gæstebud a 1988, Pelle Erobreren a 1989, Hævnen na Susanne Bier a 2011, da Druk na Thomas Vinterberg a 2021.

Amma abin da ya fi shafar kunnen mai koyo ya faru ne a 1995, lokacin da Lars von Trier da Vinterberg suka shelanta wata tafiya da suka kira Dogme 95, mai dokoki goma. A ɗauki fim a ainihin wuri, kyamara a hannu, ba fitilu na musamman, ba kiɗan da aka ɗora daga baya, kuma sauti dole a ɗauke shi tare da hoto. Festen, fim na farko a wannan tsari, ya samu lambar alƙalai a bikin Cannes na 1998. Tafiyar ba ta daɗe ba, amma ɗanɗanonta ya zauna. Jarumai suka bar furucin dandamali suka koma magana yadda ake yi a ɗaki, ƙasa-ƙasa, ana katse juna, ana haɗiye ƙarshen kalma. Gaskiyar wasa ta ƙaru, jin magana ya ragu. Abin ya kai ga 'yan ƙasar da kansu suna ƙorafin ba sa jin abin da jarumai ke faɗa, har wasu gidajen silima suka fara nuna fina-finan Danish da rubutun Danish a ƙasa.

Nan ne nake saɓa wa shawarar da aka fi bai wa masu koyo. Mafi yawan baƙi ta ƙofar shirye-shiryen 'yan sanda suka san talabijin ɗin Danmak. Forbrydelsen, da ya fito a 2007 tare da Sofie Gråbøl a matsayin jami'a Sarah Lund, ya bi binciken kisa guda cikin kashi 20, kowane kashi kwana ɗaya, kuma bayan BBC ta nuna shi a 2011 ya zagaye duniya. Aiki ne mai kyau, ba musu. Amma a matsayin darasin farko, zalunci ne ga kunne: duhu, raɗa, gajiyayyun mutane da ke magana ba tare da sun buɗe baki sosai ba. Wanda ya fara da shi zai yanke ƙauna cikin mako guda. Broen ma, na 2011, wanda ya fara da gawar da aka tsinta a tsakiyar gadar Øresund da ta haɗa Danmak da Suwidin, ya ƙara wani nauyi, domin rabin jaruman harshen Suwidin suke yi, kowa na magana da nasa. Yana da amfani daga baya, idan ana son jin bambancin 'yan uwan harsunan biyu.

Borgen ya fi dacewa da wanda ya kai tsakiyar hanya. Adam Price ne ya ƙirƙiro shi a 2010, labarin Birgitte Nyborg, shugabar ƙaramar jam'iyya da ta zama firaminista ta hanyar ƙawance, shekara guda kafin Helle Thorning-Schmidt ta zama mace ta farko da ta riƙe muƙamin da gaske. 'Yan siyasa da 'yan jarida sana'arsu magana ce, don haka furucin ya fi fita, kuma kalmomin su ne za a ci karo da su a labaran yamma: rinjaye, kasafi, tattaunawa, murabus. "Borgen" laƙabi ne na fadar Christiansborg, inda majalisar dokoki, ofishin firaminista da kotun ƙoli suke a ƙarƙashin rufi guda. Hausawan Gana za su gane sunan, domin ganuwar Osu da ke Akra ita ma Christiansborg ce, mutanen Danmak suka gina ta suka yi cinikin bayi a cikinta, kafin su sayar wa Birtaniya mallakarsu ta gaɓar a 1850.

Akwai wani abu da shirye-shiryen wasan kwaikwayo ke koyarwa wanda ƙamus ya gaza, kuma a nan ma Bahaushe na da rinjaye. Danish cike yake da 'yan ƙananan kalmomi da ba sa fassaruwa zuwa Turanci: jo, da, vel, nok, lige, altså. Mai jin Turanci yakan rasa inda zai ajiye su. Mu kuwa muna da ai, dai, fa, kam, ma, kuwa. "Det ved du jo" kusan daidai yake da "ai ka sani". "Kom lige" na kama da "ɗan zo mana". Ba a haddace irin waɗannan, sai an ji su ɗaruruwan lokuta a bakin mai fushi, mai lallashi da mai zolaya. Haka batun godiya. Harshen ba shi da kalma guda mai ma'anar don Allah, amma "tak", na gode, tana ko'ina. Yaro ba ya tashi daga kan abinci sai ya ce "tak for mad". Idan kun haɗu da wanda kuka yi zama tare kwanan baya, sai ya ce "tak for sidst", godiyar haɗuwar da ta wuce, wadda ke yin aikin da ban gajiya ke yi a wurinmu bayan biki ko suna.

Lissafi kuwa sai an yi haƙuri. Suna fara faɗin ɗaiɗai kafin gomomi, 21 ya zama ɗaya da ashirin. Daga 50 zuwa 90 kuma da ashirin-ashirin suke ƙirga: "tres", 60, ashirin uku, "firs", 80, ashirin huɗu. "Halvtreds", 50, asalinsa ashirin uku ba rabin guda, wato irin dabarar da muke yi idan muka ce ashirin ba biyu. Agogo ma haka: "halv syv", rabin bakwai, ƙarfe shida da rabi ne, lokacin da ake gabatar da TV Avisen, labaran DR da suka faro tun 1965. Hasashen yanayi da sharhin ƙwallon hannu, wasan da mazan ƙasar suka ɗauki kofin duniyarsa a 2019, 2021, 2023 da 2025, su ne wuraren da lambobi ke ta maimaituwa har su zauna.

To daga ina za a fara? Daga ƙasa, ba tare da jin kunya ba. Tashar yara ta DR Ramasjang na magana a hankali, da maimaici, kuma ana ganin abin da ake ambata. Ultra Nyt labarai ne na gaske da aka shirya wa yara 'yan makaranta, DR Ligetil kuma labarai ne a rubuce cikin sauƙaƙan jimloli. Bayan su sai shirye-shiryen da hannu ke aiki baki na bayani, irin gasar gashin burodi da kek ta Den store bagedyst, ko Bonderøven, inda Frank Erichsen ke noma da gyaran gida irin na dā, yana faɗin sunan kowane kayan aiki. A rediyo, P4 ta yankuna ce, hira da kiɗa, P1 kuma ta tattaunawa mai zurfi. Hanyar da na fi yarda da ita ita ce ɗaukar minti biyar kacal: a saurara ba rubutu, a sake da rubutun Danish, a tsaya a kwaikwayi jimla biyu ko uku da murya a bayyane, sannan a sake saurara ido rufe. Minti biyar ɗin nan sun fi awa uku na kallo da fassarar Turanci, domin idan akwai Turanci a allo ido ke aiki, kunne na hutu. Wanda ke wajen ƙasar zai tarar an kulle wani ɓangare na rumbun DRTV, shafin kallo na DR a intanet, saboda haƙƙin mallaka, amma rediyo da rubutattun labarai a buɗe suke. Mazauna ƙasar kuma suna da Filmstriben, inda ake kallon fina-finai da rajistar ɗakin karatu na gari.

Wanda aiki ko aure ya kai shi yankin Jylland kada ya dogara da bakin Kopenhagen kaɗai. TV 2 na da tashoshin yanki takwas, a nan ne ake jin manomi da masunci da karin harshensu. Karin kudancin Jylland da na tsibirin Bornholm sun yi nisa da daidaitaccen harshe har ɗan babban birni kan sha wuya.

Dole kuma a faɗi abin da wasu ke kauce wa. Allon Danmak ba ya jin kunyar abubuwa da dama da mu muke kawar da kai daga gare su. Tsiraici, giya da ashar kan fito ko a shirin da ba a zata ba. Druk, wanda ya ci Oscar, labarin malamai huɗu ne da suka yanke shawarar kasancewa cikin ɗan maye kullum don su ga ko rayuwa za ta gyaru. Hukumar kula da kallon yara na raba fina-finai zuwa na kowa, da na shekara 7, 11 da 15, amma ma'auninta tsoro da tashin hankali ya fi dubawa, ba abin da uban Bahaushe zai fara dubawa ba. Mai iyali ya fara kalla kafin ya zauna da yara.

Ga Hausawa da yawa ma, sunan Danmak ya fara shiga kunne ne ta hanya mai ciwo. A ranar 30 ga Satumban 2005 jaridar Jyllands-Posten ta buga zane-zane 12 na ɓatanci ga Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Zanga-zanga ta ɓarke a ƙasashen Musulmi, aka ƙaurace wa kayan ƙasar, kuma a Maiduguri an rasa rayuka a watan Fabrairun 2006. Ba zan nemi kowa ya manta da wannan ba. Abin da sanin harshen ke ƙara wa mutum shi ne ganin muhawarar daga ciki. Kundin tsarin mulkinsu, tun na 1849, ya haramta tace rubutu kafin bugawa, kuma suna riƙe da wannan da ƙarfi. Amma bakinsu bai taɓa zama ɗaya ba kan inda iyaka take. Jaridar Politiken ta nemi afuwa a 2010 kan ɓacin ran da sake buga ɗaya daga cikin zanen ya jawo, wasu jaridun suka yi mata ca. Majalisa ta soke dokar hukunta saɓo a 2017, sannan a watan Disambar 2023, bayan jerin ƙone-ƙonen Alƙur'ani a bainar jama'a, ta kafa dokar da ta haramta wulaƙanta littattafai masu tsarki, da hukuncin da zai iya kai ɗaurin shekara biyu. Wanda ke iya karanta Berlingske, jaridar da ta faro tun 1749 mai ra'ayin mazan jiya, ya haɗa da Politiken da Information masu karkata hagu, ya kuma saurari shirin muhawara na Debatten a tashar DR2, zai ji hujjar kowane ɓangare daga bakin mai ita. Musulmin da ke zaune a ƙasar kuma zai iya mayar da martani cikin harshen da ake sauraro.

Shekarar talabijin ɗinsu tana da lokutan da kusan duk gida ke zama gaban allo, kuma mai koyo ya san su domin washegari su ne abin hira a wurin aiki. Ƙarfe takwas na daren Lahadi shi ne gurbin manyan wasannin DR. A watan Disamba akwai "julekalender", shirin da ake nuna kashi ɗaya kowace rana daga 1 zuwa 24 ga wata. Lokacin kullen korona a 2020, mawaƙi Phillip Faber ya riƙa zama gaban fiyano kowace safiya yana jan waƙoƙin gargajiya, kalmomin na gudana a allo, mutane na rerawa daga gidajensu, kuma waƙa na jan wasulan da magana ke haɗiyewa har a ji su sarai.

Sai jawabin sabuwar shekara, ƙarfe shida na yammacin 31 ga Disamba. A irin wannan jawabi ne Sarauniya Margrethe ta sanar a 2023 cewa za ta sauka bayan shekara 52 kan karaga, ɗanta Frederik na Goma ya gaje ta ranar 14 ga Janairun 2024. Jawaban nan gajeru ne, ba su cika wuce kwata na awa ba, ana karanta su a tsanake, kuma gidan sarauta na wallafa cikakken rubutunsu. Na sarauniyar musamman suna da tsohon furuci mai fitar da kowace gaɓa. Mai koyo zai iya buga rubutun jawabi guda, ya bi da yatsa yana saurare, ya ja layi ƙarƙashin duk harafin da bai ji an furta ba. Sannan ya ɗauki hirar wani matashi a rediyon P3 ya gwada irin wannan aikin, ya ga yawan layukan da za su ƙaru.